Sabuwar waya a Dayi: A tambayi sabis kafin a tambayi farashi

Kaka ita ce lokacin da kuɗi ke zuwa hannun manomi a dunƙule, ita ce kuma lokacin da suke barinsa a dunƙule. Daga Funtuwa zuwa Bakori, daga Malumfashi zuwa Dayi, da zarar an kwashe masara, an casa waken suya, an kai auduga sikeli, sai a shiga biyan buƙatun da aka jingine tun bazara: aure, gyaran ɗaki, kuɗin makaranta, babur. A 'yan shekarun nan wata buƙata ta shigo wannan jeri har tana neman ture na gabanta, wato sauya waya. Magidanci na son ya ajiye ƙaramar waya mai madannai ya koma babba, saurayi na son wadda ta fi ta abokinsa kyamara, ɗaliba kuma na neman wadda za ta ɗauki littattafan da malamai ke turowa ta WhatsApp.

Ni malami ne a jami'a, tushena kuma na wannan yanki. Duk lokacin da na je gida, ko ɗalibai suka tsaya a ofis bayan lacca, da wuya a rabu ba a yi mini tambayar nan ba: “Dakta, wace waya ce mai kyau yanzu?” Mai tambayar yakan zo da sunaye biyu ko uku a bakinsa, da farashin kowacce, da yawan kyamarorin da ke bayanta. Abin da ban cika ji ba shi ne a tambayi layin da za a sa mata, da ko layin yana kamawa a ɗakin da za ta kwana da gonar da za ta wuni. A ganina daga nan ya kamata a fara. Waya guga ce, sabis kuwa rijiya. Komai kyan guga, in rijiyar ta ƙafe da ƙishi za a koma gida. Nufina a nan in jera tambayoyin a bisa tsarin da ya dace da mutumin Dayi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, domin tsarin da masu talla ke bi an shirya shi ne don mazauna Legas da Abuja.

Daga ado zuwa kayan aiki

Sa'annina sun ga farkon abin da idonsu. A watan Janairun 2001, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin layi kaɗai yakan kai Naira dubu 20, kira kuma Naira 50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai mutum ya yi ya kashe. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka sauko. Econet ɗin nan shi ne ya yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010. Etisalat da ya zo a 2008 ya koma 9mobile a 2017, a 2025 kuma ya zama T2.

A wancan zamani waya ado ce ta masu hali. Yau ta shiga sahun garma da sikeli. Wata masaniyar tattalin arziki ta Jami'ar Tufts da ke Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, daidai lokacin da sabis ke shiga garuruwan ƙasar ɗaya bayan ɗaya. A binciken da ta wallafa a 2010 ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma ragin ya fi yawa tsakanin kasuwannin da kuɗin dakon kaya ya fi tsada a tsakaninsu. Dalilin a fili yake. Ɗan kasuwar da a da sai ya yi lodi ya isa kafin ya san farashi, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Haka abin yake a wurinmu. Manomin da ya ji yadda aka sayar da buhu a Dawanau ko Dandume da hantsi, da wuya a yi masa sayen wulaƙanci a bakin gona da la'asar.

A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, an fara turo wa manoma saƙon takin gwamnati mai rangwame ta waya, aka kuma ga yadda rashin sabis ya wahalar da masu karɓa a ƙauyuka. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tilasta wa mai tumatir da mai tumaki buɗe asusu, har aka wayi gari ba a sakin kaya sai alat ya shigo. Darasi mafi ɗaci kuwa shi ne na watan Satumban 2021. An fara rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutanen Gusau suka riƙa zuwa Funtuwa don su yi kira. Cikin 'yan kwanaki sai ga Funtuwar ma ta yi ɗif, tare da Malumfashi da Bakori da wasu ƙananan hukumomi goma na Jihar Katsina. Sai a watan Disamba, bayan Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da izini, aka fara maido da sabis. A watannin nan mai wayar rabin miliyan da mai ta dubu biyar duk hanya ɗaya suka bi: hawa babur a nufi wajen iyakar Kano don a gaida mara lafiya ko a tura kuɗi. Wanda ya ga wannan bai kamata a sake gaya masa abin da ya fi muhimmanci tsakanin waya da sabis ba.

Layin da ke kamawa a ƙofar gidanka

Dayi gari ne na mararraba. Nan hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo ta haɗu da wadda ta fito daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi ta nufi Yashe. Kamfanonin waya 'yan kasuwa ne, suna kafa ƙarfen sabis inda kwalta take da inda jama'a suka taru. Saboda haka mai shago a bakin titi na iya samun dukkan layuka, alhali ɗan'uwansa da ke noma a wata fadama mai nisan tafiyar rabin awa a babur yana da layi ɗaya tak da ke kamawa, shi ma sai ya hau tudu. Alƙaluman NCC sun nuna MTN na riƙe da sama da rabin layukan ƙasar nan, Airtel na da kusan kashi ɗaya cikin uku, Glo da T2 suka raba sauran. Wannan lissafi ne na ƙasa baki ɗaya, bai gaya wa kowa abin da zai samu a tsakar gidansa ba. Babban kamfani na iya gazawa a unguwarku, ƙarami ya kama tas, don kawai ƙarfensa ne ya fi kusa.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a fitar da ko sisi, a ari waya daga maƙwabta masu layuka daban-daban, a gwada a wurare uku: cikin ɗakin kwana, gona, da kasuwar da aka saba ci. Kada a tsaya kan 'yan layukan nan da ke saman fuskar waya, domin ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa nuna yawan mutanen da ke rububin ƙarfe ɗaya. Shi ya sa ranar kasuwa sabis kan cika taf amma taransifa ta ƙi tafiya. Gwajin gaskiya shi ne a yi kira na minti biyu a ji ko zai yanke, a tura saƙon murya, a buɗe manhajar banki. A kuma lura da harafin da ke gefen alamar sabis. Idan E ne, intanet ɗin bai wuce na saƙon rubutu ba. Idan H ne, za a lallaɓa. Idan 4G ne kuma yana tsayawa, to an dace. A maimaita gwajin da dare, a kuma tambayi mazauna wurin yadda layin ke yi in hadari ya taso da damina.

Gwajin dare na da nasa dalili na musamman. A ƙauyukan da barci da minshari ya zama tarihi, kira ɗaya zuwa ga 'yan sintiri ko maƙwabtan gari na iya zama tsakanin tsira da halaka, haka ma kiran mai mota ga mace mai naƙuda. Ƙarafan sabis da dama na aiki ne da janareta da batura, kuma yawancinsu ba mallakar kamfanonin layin ba ne, na wasu kamfanoni ne irin su IHS da ke ba da su haya. Ƙarfe ɗaya na iya ɗauke da na'urorin layi biyu ko uku. Ma'anar wannan ita ce, riƙe layi biyu dabara ce mai kyau, amma sai an tabbatar ba tare suke ɗaukewa ba. Mutanen gari sun san amsar, tambayarsu kawai za a yi.

Akwai kuma batun zango. Masu sauraron rediyo sun san wani zangon na cin nisa, wani kuwa bai wuce gari ba. Haka na waya yake. Zango mai ƙaramar lamba, kamar 700 da 800 da 900, ya fi nisa kuma ya fi ratsa katanga. Mai babbar lamba, kamar 1800 da 2600, ya fi ɗaukar data amma tafiyarsa gajera ce. Ba kowace waya ke kama kowane zango ba. Lokacin da Glo ya ƙaddamar da 4G a 2016 a kan zango 700, wayoyi da dama da ke hannun jama'a ba su iya kama shi ba. Don haka in an zaɓi layi, a sa shi a cikin wayar tun a shago, a ga 4G ya fito, kafin a ƙirga kuɗi.

Amma 5G, shawarata ga mutumin Dayi ita ce kada ya ƙara ko kwabo saboda shi a yanzu. MTN da Mafab sun sayi lasisinsa a watan Disamban 2021 a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, MTN ya fara aiki da shi a 2022 a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023. Zangonsa na 3500 gajere ne ƙwarai, ko a cikin biranen ma unguwa-unguwa ake samunsa. Kuɗin da za a ƙara dominsa sun fi amfani a batir mai ƙarfi.

Lambarka ta zama shaidarka

Kuskuren da na fi gani a wurin masu sauya waya shi ne jefar da tsohon layi don an ga wani na ba da garaɓasar data. A 2005 wannan ba komai ba ne, sai dai a sake raba wa dangi sabuwar lamba. Yau lambar waya na ɗaure da lambar BVN ta banki, wadda aka fara a 2014, da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, wadda aka wajabta haɗawa da layi tun Disamban 2020 har aka rufe ƙofar jinkiri a ranar 14 ga Satumban 2024. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB da layinsa yake tura NIN zuwa 55019 ko 66019, kuma wannan lamba ce za ta bi shi har ya samu gurbi. Nakan ga ɗalibai suna safa da marwa a kan gyaran takardu, in an bincika sai a tarar da layin wani mai shagon intanet aka yi musu rajista, ko da layin yayansu da ya yi tafiya.

A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba ana iya rufe shi, in ya ƙara wasu wata shida kuma ana iya sayar wa wani da lambar. Sabon mai lambar zai riƙa ganin alat ɗin asusunka, wani lokaci har da lambobin sirrin da banki ke turowa. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Wanda layinsa ba ya kamawa a garinsu yana da mafita wadda mutane da yawa ba su sani ba. Tun ranar 22 ga Afrilun 2013 doka ta ba kowa damar komawa wani kamfani da lambarsa yadda take. Mutum zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da katin shaidarsa, ya cike takarda, ya tura kalmar PORT zuwa 3232, a ba shi sabon sim mai tsohuwar lambarsa. Kyauta ne, kuma a ƙa'ida bai wuce kwana biyu. Sai dai kati da datar da suka rage a tsohon layin ba sa biyo shi, kuma akwai wa'adin da zai jira kafin ya sake wata ƙaurar, don haka a yi gwaji tukuna.

Abu biyu zan ƙara a nan. Kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, komai arharsa, domin duk laifin da aka yi da shi a baya mai riƙe da shi za a fara kamawa, ranar da ya ɓace kuma ba mai dawo maka da shi. Sannan a sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ban da ta fuskar waya. Mafi yawanmu muna barin waya a wurin masu caji na awa biyu ko uku, kuma ɓarawon zamani sim yake nema ya sa a wata wayar ya shiga asusu. Sim mai lambar sirri ba ya buɗewa a wata waya.

Sai a zo kan wayar kanta

Ba banza ba wayoyin Tecno da Infinix da itel suka cika kasuwanninmu. Dukkansu na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka. Ya kai nan ne saboda ya lura da abin da manyan kamfanoni suka raina: ɗan Afirka na son gurbin layi biyu, batir mai daɗewa, da kyamara mai fito da baƙar fata. Na kawo wannan ne don mai saye ya yi koyi da hanyar tunanin, ya auna waya da rayuwarsa, ko wace iri ce.

Batir ne kan gaba. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa, wayar da batirinta bai kai 5,000 mAh ba za ta mai da mai ita ɗan aiken mai caji. A sani kuma zafi na cin batir. Ranar Maris da Afrilu da ke kusan digiri 40 na rage masa kwana, musamman in ana barin waya a rana, ko a kan tankin babur, ko ana kallo da ita tana caji. Cajar jabu kuwa ta fi komai saurin kashe shi.

Na biyu shi ne ma'adana da ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake rubutawa RAM. Ga ɗalibi ko ɗan kasuwa, ma'adana mai 128GB da RAM mai 4GB su ne mafi ƙarancin abin da zai kai shi shekara uku ba tare da waya ta riƙa sanƙarewa ba. A kula da wata dabara ta masu talla. Za a ga an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe a jikin kwali, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 4+4. Huɗun farko ne na gaske, sauran aro ne daga ma'adana, kuma ba su da sauri. Haka nan yawan lambar megafiksel ba shi ne kyan hoto ba, wasu daga cikin idanun da ke bayan waya ma kusan ado ne.

Na uku shi ne gyara. Waya a hannun manomi za ta faɗi, za ta sha ƙurar hunturu, za ta sha yayyafi. Kafin a saya, a je wurin mai gyara a Malumfashi ko Funtuwa a tambaye shi nawa ne gilashinta, nawa ne batirinta, kuma yana da su a shago ko sai an aika kasuwar Farm Centre a Kano. Amsarsa ta fi ta mai sayarwa amfani, domin shi ne ke ganin wayoyin bayan an fita da su daga kwali. Akwai wayar da kuɗin gilashinta kaɗai zai sayi wata sabuwa.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa, shi ne shekarun da kamfani zai ci gaba da sabunta mata manhaja. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, manhajojin banki ma haka suke yi lokaci zuwa lokaci. Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu na baya-bayan nan, masu araha kuwa ba su kai haka ba. A tambayi shekarar da aka ƙera waya. Wadda ta yi shekara uku a kan kanta sabuwa ce a kwali, tsohuwa a aiki.

Batun kwance kuwa, wato waɗanda 'yan kasuwa ke kira “Landan yus”, yana buƙatar ido biyu. Wasu na zuwa a ɗaure da layin wata ƙasa, wasu da asusun tsohon mai su a ciki, iPhone 14 da na bayanta da aka yi don kasuwar Amurka kuwa ba su da gurbin sim sam. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma aƙalla ya san rariya ya saya. A danna *#06# a ga lambar IMEI, a gwada ta da wadda ke jikin kwali, a sa mai shago ya rubuta ta a rasit tare da sunan shagonsa. Wayar da aka miƙo a tasha a rabin kuɗinta ba rasit ba kwali, mai yiwuwa da wuƙa aka raba ta da mai ita. Masu sayen irinta ne ke raya ƙwacen wayar da ya addabi Kano da sauran biranenmu, kuma doka ba ta barin mai karɓar kayan sata.

Lissafin shekara uku

Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, farashin waya kuma ya bi ta, tunda daga waje ake shigo da ita. A ranar 20 ga Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, karo na farko tun 2013. Saboda haka kuɗin da aka biya a shago somin taɓi ne.

Mu ɗauki misali. A ce an sayi waya Naira dubu 150. A ce ana sa mata kati da data na dubu 5 a wata, cikin shekara uku dubu 180 ke nan. A ce ana biyan mai caji Naira 100 kullum, wannan ya haura dubu 109. Jimilla ta doshi dubu 440, ban da canjin gilashi. Kuɗin wayar kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Kowa ya sa nasa alƙaluman, sannan ya mayar da jimillar zuwa buhunan masara a farashin yau, ya ga ko gonarsa za ta ɗauka. Wanda ya yi wannan lissafi sau da yawa zai ga ƙaramin faifan sola na gida ya fi ƙarin kyamara riba.

Tsarin biya kaɗan-kaɗan da ya yawaita yanzu an gina shi ne a kan mai albashi. Ana sa wa wayar makulli daga nesa, ranar da aka makara biya sai ta rufe. Manomi kuɗinsa na shekara-shekara ne, watan Yuli da Agusta kuwa, lokacin da taki ya cinye aljihu, su ne lokacin da ya fi buƙatar waya kuma ya fi rasa abin biya. A tara jimillar abin da za a biya a gwada da farashin hannu da hannu kafin a sa hannu a takarda.

Akwai lambobin da NCC ta daidaita a dukkan layuka tun 2023, saninsu na rage asara: *310# don duba kati, *312# don sayen data, *323# don duba ragowarta, *305# don tsayar da hidimomin da ke cin kuɗi ba a sani ba, 2442 don hana saƙonnin talla, 300 don magana da kamfani. In kamfani bai share hawaye ba, 622 layin ƙorafi ne na NCC, kyauta. A kashe sabunta data kai-tsaye, a hana bidiyon Facebook da TikTok buɗe kansu, a hana WhatsApp sauke duk abin da aka turo a zaure.

Kada kuma a raina ƙaramar waya mai madannai. Takan yi kwanaki ba caji, tana da rediyo da tocila, ba ta tsone wa ɓarawo ido. Tsarin da na ga ya fi yi wa mutanenmu aiki shi ne layin banki da na kiran gaggawa a ƙaramar waya, layin data a babba.

Nauyin da ke kan hukuma

Ba adalci ba ne a ɗora wa talaka dukkan nauyin. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sadarwa inda 'yan kasuwa ba sa ganin riba. Ya kamata wakilanmu a majalisar tarayya, daga mazaɓar Malumfashi da Kafur har zuwa sanatan shiyyar Funtuwa, su riƙa tambayar ƙauyuka nawa na yankin nan asusun ya taɓa, su kai jerin waɗanda har yau sai an hau bishiya ake kira. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Umarnin zai yi amfani ne in masu unguwanni da dagatai da matasa sun ɗauki ƙarfen sabis ɗin garinsu kamar rijiyar burtsatse, suka tsare shi daga ɓarayin batir da man dizal, 'yan kwangilar hanya kuma suka daina tsinka wayoyin da ke binne a gefen titi. Ita ma NCC ta riƙa bayyana ingancin sabis na kowane kamfani, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, cikin Hausa, a gidajen rediyon da manomi ke saurara.

Kafin a kai can, abin da ke hannun mai karatu mako ɗaya ne na haƙuri. Kwana uku na gwajin layi a gida da gona da kasuwa, yini ɗaya na hira da mai gyara, dare ɗaya na lissafi da biro da takarda. Ɗaliban da ke karanta wannan shafi su ne iyayensu za su tura kasuwa da kuɗin amfanin gona a aljihu, su ne kuma za a tuhuma in wayar ta zama abin kallon hoto kawai. Kuɗin nan gumin damina guda ne. Allah Ya sa albarka a abin da aka noma, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a yankinmu.